Musayar sulallan azurfa da tsohon fam na zinare a Zariya: yadda za ka gwada kafin ka sallama

A tsofaffin gidaje na cikin birnin Zariya, da Tudun Wada da Sabon Gari, ba a rasa 'yar jaka ko kwalla da tsofaffin sulalla ke kwance a gindinta. Wasu sun shigo ne ta hanyar fatauci tun kafin zuwan Turawa, wasu kuma kuɗin auduga da gyaɗa ne da suka yawaita bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, wasu alhazai suka dawo da su daga Makka. Idan irin wannan azurfa ta taru a hannun mutum, yakan yi tunanin mayar da ita zinare, kuma tunani ne mai kyau: kimanin rabin kilo na azurfa yana komawa ƙwaya ɗaya ta fam ɗin zinare na Ingila da ba ta kai giram 8 ba, mai sauƙin ɓoyo da sauƙin sayarwa ranar buƙata.

Amma wannan ciniki yana da wata ƙa'ida da ta raba shi da sayen babur ko firji. Musayar azurfa da zinare hannu da hannu ake yin ta, a zama ɗaya. An ruwaito cewa Malik ɗan Aus ya kai dinari 100 canji, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya karɓi zinaren ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo, sai Sayyidina Umar ya ce wa Malik wallahi kada ya rabu da Ɗalha sai ya karɓi nasa. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta babin ciniki ya san yadda malaman Malikiyya suka tsananta a nan. Babu "tafi da shi ka gwada, gobe ka kawo min nawa". Saboda haka duk wani awo da bincike sai an gama shi kafin a ce an sallama, kuma shirin da za ka yi a gida ya fi zaman cinikin kansa tsawo.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Kafin komai ka tabbata azurfar taka ce. Idan ta gado ce da ba a raba ba, ka bar ta inda take har a raba, ko duk magada su yarda a gaban shaidu.

Sai ka baje sulallan a kan farin ƙyalle ka ware su iri-iri. Kada ka wanke su, kada ka goge su da toka ko lemun tsami. Baƙin da azurfa ke yi ba aibi ba ne, mai saye ya san shi, kuma gogewa tana cin jikin sulen.

Babba a cikinsu shi ne liyari, mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. Nauyinsa giram 28.07, kuma kashi 833 cikin 1000 azurfa ce, wato tsantsar azurfar da ke cikinsa giram 23.39. Za ka ga an rubuta 1780 a jikinsa. Kada wannan ya sa ka ɗaga farashi har ciniki ya watse, domin shekarar da sarauniyar ta rasu ce, kuma an ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗin har ƙarni na 20 a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai. Darajarsa tana cikin azurfarsa ne.

Sai sulen Afirka ta Yamma mai hoton bishiyar kwakwa, wanda aka fara bugawa a 1913. A nan shekara ita ce komai. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000: sule giram 5.66, fataka, wato sule biyu, giram 11.31, haka sisi da taro a nasu ƙananan nauyin. Na 1920 ka ware su gefe, domin a shekarar aka yi sauyi, akwai masu azurfa akwai marasa ita. Na bayan nan masu ruwan ɗorawa tagulla ce zalla. Kuɗin Ingila kansu kuwa, zuwa 1919 kashi 925 ne, daga 1920 zuwa 1946 rabi azurfa rabi gauraye, daga 1947 babu azurfa ko ɗigo duk da farin da suke yi. Sulen Nijeriya na 1959 shi ma haka, fari ne kawai. Riyal ɗin azurfa na Saudiyya, wanda aka fara bugawa a 1354 bayan Hijira, giram 11.66 ne, kashi 917. Idan kuma akwai babban faran biyar na Faransa da ya shigo ta Nijar, giram 25 ne, kashi 900.

Auna kowane iri a tare, ka ninka da kashinsa, ka rubuta jimlar tsantsar azurfa a takarda. Da awo za ka yi aiki, ba da ƙirga ba, domin sulen da ya sha yawo a hannun mutane ya rage nauyi. Waɗanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don ado su ma ka ware su, mai saye zai rage musu kuɗi.

Lissafin da za ka je da shi

Buɗe wayarka ka duba farashin oza ɗaya na zinare da na azurfa a kasuwar duniya a ranar. Oza ɗin giram 31.1 ne. Raba na zinare da na azurfa, abin da ya fito shi ne yawan giram na azurfa da ke sayen giram ɗaya na zinare. Wannan adadi ba ya zama wuri ɗaya. A mafi yawan ƙarni na 19 yana wajen 15 zuwa 16, a Afrilun 2011 ya sauko kusa da 32, a Maris na 2020 ya haura 120. Idan adadin ya yi ƙasa, mai azurfa ne ke da riba a musaya. Idan ya yi sama ƙwarai, haƙuri ya fi, in dai ba wata larura ce ta taso ba.

A ɗauka a misali adadin 80 ne. Fam ɗaya na zinare yana ɗauke da tsantsar zinare giram 7.32. Ninka da 80, ka sami giram 586 na azurfa, wato liyari 25, ko sule mai kyau kimanin 112. A zamanin da kuɗin nan ke yawo, sule 20 ne fam guda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda azurfa ta faɗi a gaban zinare, kuma shi ya sa dattijon da ke lissafi da tsohon ƙirga yakan ji kamar an cuce shi alhali ba a cuce shi ba.

Ba za ka sami 25 ɗin daidai ba. Mai zinare zai karɓi azurfarka ƙasa da farashi ya ba ka zinarensa sama da farashi, abincinsa ke nan, kuma idan akwai dillali a tsakani ga la'ada. Abin da lissafin zai yi maka shi ne ka san girman ragin. In an ce maka liyari 27 ko 28 akwai magana. In an ce 35, ka ce albarka ka naɗe ƙyallenka. Yana da kyau kuma ka tambayi maƙeran fari nawa za su sayi azurfar da naira, domin wani lokaci sayar da ita daban, sannan a sayi zinaren daban, ya fi musaya kai tsaye. Idan ka bi wannan hanya, ka tuna malamai suna ɗaukar naira da zinare ma hannu da hannu ne, don haka in tura kuɗi za a yi, kowa ya zauna har saƙon shigar kuɗi ya iso.

Wane zinare za ka nema

Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya kan iri ɗaya, fam ɗin zinare na Ingila, mai hoton mahayin doki yana sukar dodo a bayansa, wanda Larabawa ke kira junaihi. Dalili shi ne awonsa bai canja ba tun 1817: nauyi giram 7.98, faɗi milimita 22.05, kauri kimanin milimita 1.5, karat 22. Rabinsa giram 3.99 ne, faɗi milimita 19.3. Junaihin Saudiyya na 1370 bayan Hijira a kan wannan awo aka buga shi. Akwai kuma faran 20 na Faransa, giram 6.45, faɗi milimita 21, kashi 900, tsantsarsa giram 5.81. Ya yi kama da fam a ido, kuma ana iya miƙa maka shi a kuɗin fam, ka yi asarar giram ɗaya da rabi na zinare ba tare da an ba ka jabu ba.

Ka saya don nauyin zinaren. Idan mai kaya ya fara cewa wannan shekarar ba a samun ta, Turawa na neman ta ido rufe, ka bar masa. Masu tara tsofaffin kuɗi suna da kasuwarsu, amma ba a Zariya take ba, kuma shekarun da suka fi tsada su aka fi yi wa jabu.

Kayan aiki da wurin zama

Kana buƙatar ƙaramin sikeli na lantarki mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, da ma'aunin kauri irin na masu gyaran inji, da mayen ƙarfe mai ƙarfi, da madubin ƙara girma, da zare da ƙaramin kofin roba. Sikelin kicin ko na masu sayar da nama ba zai yi ba. Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne fam ɗaya da aka tabbatar da shi, ko da aro ne daga ɗan'uwa, domin da shi za ka gwada sikelinka, kuma da shi idonka da kunnenka za su kwatanta.

A zauna da rana, a shagon da aka san mai shi, ko a kasuwar cikin birni ko ta Sabon Gari, ko a zauren dattijon da ku biyu kuke jin nauyinsa. Ka je da mutum ɗaya. Kada ka yarda da haɗuwa a tasha, ko cikin mota, ko bayan magariba. Labarin wanda ya tono tukunyar zinare a gona yana neman mai saye a asirce tsohon tarko ne na 'yan damfara, banza ba ta kai zomo kasuwa. In ma zinaren na gaske ne, arahar da ta wuce hankali tana nuna kayan sata, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi zai yi bayani.

Mutane da yawa kunya ke hana su gwaji, musamman idan mai kayan babba ne. Ka faɗa tun farko, da ladabi: "Ranka ya daɗe, ba don rashin yarda ba, amma zan so mu auna a gabanka, kai ma ka auna nawa." Mai gaskiya yakan ce, "Bismillah, Malam, ai haka ya fi." Shi ma yana da haƙƙin ya gwada azurfarka, ka ba shi lokaci. Wanda ransa ya ɓaci don an fito da sikeli ya riga ya ba ka amsa.

Gwajin kansa

Fara da ido. Hoton sarki da shekara dole su dace. Biktoriya daga 1838 zuwa 1901 tana duban hagu, Edwad na 7 daga 1902 zuwa 1910 yana duban dama, Joj na 5 daga 1911 zuwa 1932 yana duban hagu, Elizabet ta 2 daga 1957 zuwa 2022 tana duban dama. A na Edwad da na Joj, ɗora madubi a ƙasan da dokin ke takawa, daidai saman shekara. Akwai ɗan ƙaramin harafi da ke nuna inda aka buga: S na Sidni, M na Melbon, P na Perth, duk a Ostareliya, C na Kanada, I na Indiya, SA na Afirka ta Kudu. In babu harafi, na Landan ne. A nan masu jabu suka fi yin tuntuɓe. A zamaninsu, Indiya a 1918 kaɗai ta buga. Kanada daga 1908 zuwa 1919. Afirka ta Kudu daga 1923 zuwa 1932. Landan ta tsaya a 1917, ba ta sake buga na Joj ba sai mai shekarar 1925. To idan ka ga fam mai shekarar 1922 ko 1928 babu harafi, ko mai SA da shekarar 1915, ka ajiye shi, ba sai ka wahalar da sikeli ba.

Duba jelar dokin da gashin sarkin. A na gaske layukan suna da kaifi ko da sun suɗe, filin da babu zane kuma sumul yake. Wanda aka zuba a mazubi yakan yi ƙananan ramuka ko ƙuraje, haruffansa sun kumbura kamar sun narke. Juya shi ka bi zaren gefensa da farce: tsagogin daidai suke da juna, babu layin haɗi a tsakiya. Nemi kuma tabon dalma ko wurin da aka kankare, alamar an taɓa rataya shi a sarƙa. Irin wannan zinare ne, amma darajarsa ta ragu.

Akwai wani nau'i da ya kamata ka sani sosai domin yana da yawa a kayan da ake kawowa daga Saudiyya da Dubai. Maƙeran can suna buga kwaikwayon fam don ado, da zinare na gaske amma karat 21 ko ƙasa, wani lokaci da 'yar lamba 21 ko 875 a jikinsa. A can ba a ɓoye cewa kwaikwayo ne. Sai ya iso nan ya ratsa hannu biyu uku, ya zama "tsohon fam". In ka gane shi kuma kana so, saye shi a kuɗin karat 21.

Sai sikeli. Kashe fanka, ka kare shi daga iska, ka ɗora shi a kan tebur da ba ya rawa, domin a wannan awo numfashinka ma yana motsa lamba. Ɗora fam ɗin da ka zo da shi tukuna, sannan na ciniki. Sabo zai nuna 7.98 ko 7.99. Wanda ya sha hannu zai iya sauka zuwa 7.94, wanda shi ne iyakar da dokar Ingila ta yarda da ita. Ƙasa da 7.90 ko sama da 8.02 ka bar shi. Nan take ka auna faɗi da kauri. Hikimar haɗa awon biyu ita ce zinare ya fi tagulla nauyi fiye da ninki biyu, ya fi dalma ma nesa. Mai jabu in ya daidaita girma nauyi zai gaza, in ya daidaita nauyi sai ƙwayar ta yi kauri ko faɗi. Jera shi da naka a kan tebur ka shafa yatsa a kansu, bambancin kauri yatsa na jin sa.

Mayen ƙarfe ba ya kama zinare ko azurfa. In ya kama, magana ta ƙare. In bai kama ba, bai tabbatar da komai ba, domin tagulla da dalma ma ba ya kama su. Na ga mutane suna dogara da wannan gwaji shi kaɗai, kuma shi ne mafi rauni a cikinsu duka.

Gwajin ruwa ya fi ɗaukar lokaci, amma shi ke leƙa cikin ƙwayar. Zuba ruwa a kofin, ɗora a sikeli, danna ya koma sifiri. Ɗaure fam ɗin da zare siriri ka saukar da shi a hankali har ruwa ya rufe shi, ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba. Ka duba da kyau, ƙananan kumfa sukan maƙale a wurin ƙullin zaren da tsakanin haruffa, ka girgiza su su tashi. Riƙe hannunka cak, ko ka rataya zaren a fensir da ka gitta a kan littattafai biyu. Fam na gaske zai nuna 0.45 ko 0.46. Raba nauyinsa da wannan lamba, za ka sami tsakanin 17 da 18. Karat 18 zai nuna wajen 0.51, tagulla mai ruwan zinare kuwa wajen 0.90 ko sama. Maimaita sau uku. Ka sani cewa tazarar karat 21 da 22 a wannan awo 'yar kaɗan ce, lamba ɗaya ko biyu a ƙarshe, don haka a nan idonka a kan zane da shekara shi zai taimaki sikeli. Liyari kuma, in mai karɓa yana son gwada naka, zai nuna wajen 2.75.

Daga nan sai kunne. Ɗora fam ɗin a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa gefensa a hankali da fensir. Na gaske yana yin ƙara siririya mai ja, jabu yakan yi "ƙwas" ya mutu. Yi wa naka, yi wa nasa, ka saurara. Wannan gwaji ne ke tona ƙarfen tangistan, wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinare har yana iya tsallake sikeli da ruwa, amma amonsa ba irin na zinare ba ne.

Maƙeri zai so ya goga shi a baƙin dutse ya ɗiga asid. In za a yi, a goga gefe kaɗan, kuma da izinin mai kaya. Kada a ɗiga asid a fuskar fam ɗin, kada a sa masa zarto. Gwajin dutse fatar waje kaɗai yake gani, ruwan zinare mai kauri yana wuce shi. Haka ma na'urar haske da wasu manyan masu sayar da gwal ke da ita, tana faɗin karat daidai amma ba ta shiga can ciki, don haka ƙari ce a kan sikeli, ba madadinsa ba. Idan cinikin babba ne, fam biyar ko goma, kuɗin motar zuwa Kano ko Kaduna tare da mai kayan don a ɗora a na'ura ba asara ba ne. Kuma kowace ƙwaya sai an gwada ta. Gwada biyu a yarda da sauran cinikin biri a sama ne.

Miƙawa da karɓa

Daga lokacin da aka gama gwada ƙwaya, kada ta koma aljihun kowa ko cikin durowa. A bar ta a fili a kan ƙyalle, abokin tafiyarka ya sa mata ido. Sauya ƙwaya bayan gwaji, lokacin da hankali ya koma kan ƙirgar azurfa ko aka kawo ruwan sha, dabara ce da aka sani. In an ɗauke ta ko da na ɗan lokaci ne, a sake ɗora ta a sikeli, ba abin jin kunya ba ne.

Ku daidaita adadi, a ware azurfar da ta shiga ciniki daga wadda ta rage, sannan ka miƙa ya miƙo a wurin. In azurfarka ta isa fam biyu da 'yan kai, karɓi biyun ka koma gida da ragowar, ko a cike da rabin fam. Kada a bar saura bashi a kan kowa. A rubuta takarda mai kwanan wata, da irin fam ɗin, da shekararsa, da harafinsa, da nauyinsa, da yawan azurfar da aka bayar, ku biyu da shaidu ku sa hannu. Ɗauki hoton fuska da bayan kowace ƙwaya a wayarka tun kuna zaune.

A gida ka naɗe kowane fam daban a takarda ko ƙyalle mai laushi, domin in suna gugar juna suna cin juna, kuma kada ka huda shi ko ka ba da a liƙa masa kunne. Sai batun zakka. Nisabin zinare dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595, kuma a mazhabar Malikiyya ana haɗa su biyun wajen cika nisabi. Ka kai wa malaminka takardar cinikin da lissafin azurfar da ta rage, ya duba maka abin da ya hau kanka da watan da za ka fitar.